Ƙwaryar Garin da Kaka Ta Kai wa Dagaci

Ranar wata Alhamis, a bazarar shekarar da haƙorana na gaba suka fita, Kaka Dije ta ɗora min ƙwarya a ka, ta ce in bi ta ƙofar dagaci. Garin gero ne a ciki, busasshe ƙayau.

A shekarun nan rijiyar ƙauyenmu, can yamma da Tofa, ba ta kaiwa bazara. Mu 'yan mata mukan bi iyayenmu wani rafi mai nisa, mu tona yashi da sakaina, mu zauna muna carafke har ruwa ya tsattsafo. Ni wasan nake so, amma wuyan Inna ne ke jin jiki. Baba ya riga ya yanke cewa da an gama girbi za mu bar gandu mu koma wajen dangin Inna a bakin kogi. Kaka kuwa ta ce ba inda za ta, nan mijinta yake kwance. Ni da a bayanta nake barci, tsoron rabuwar nan ya hana ni sukuni.

Ana cikin haka sai ga saƙon hakimi: a ɗaga ganuwa saboda mahara, a ciyar da 'yan gayya da hatsin zakka da ke rumbun dagaci. Ruwan kwaɓa ƙasa fa? Wai mata za su ɗebo.

Da muka isa ƙofar dagaci a ranar, Kaka ta durƙusa, ta tura ƙwaryar gaba. "Ranka ya daɗe, ga kunun 'yan gayya. Tunda ba ruwa, a dama shi da ganuwa." Na ji kamar in nutse don kunya. Dagaci, wanda ita ta goya shi yana jinjiri, ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, umarnin hakimi ne."

"Ban ce a ƙi ba," in ji ta. "Amma hatsin nan gumin kowa ne, ƙishirwa za a fara kashewa da shi. Kada kowa ya yaƙuci ƙasa a bayan gidansa. A haƙa wuri guda a kwari, a zurfafa, a tara ƙasar. Bayan damina a yi ginin da ruwan ramin."

Haka aka yi. Maza na haƙa ana kiɗa musu ganga, mu muna kwashe ƙasa a faifai, a ganinmu aiki muke. Damina ta cika kududdufin maƙil, ya kai mu har wata bazarar. Baba bai ce ya fasa tashi ba, sai dai muka ga yana dasa albasa a gefen ruwa.

Yau ganuwar ta zaizaye, awaki ke shan hantsi a kanta. Kududdufin yana nan, jikokina suna iyo a ciki, sun ɗauka haka Allah ya halicce shi. Ni in na wuce sai kewar tsohuwar nan ta kama ni. Da ruwansa muka yi mata wankan ƙarshe, aka kwantar da ita kusa da mijinta, mu duka muna gida.