Buhunan Wake a Ɗakin Kwana

Shekarar da aka tura ni koyarwa a wata ƙaramar sakandare a ƙasar Kebbe, na tarar da yara suna zana huhu a takarda, su jera sunayen sassansa da Turanci, a tashi. Ni kuwa karatun da ba ya bin yaro gida haushi yake ba ni. Na tsare malamin noma, na ce lallai mu haɗa darasi. Shi ya yi bayanin ƙwayar da ake jefawa cikin buhun wake don kashe ƙwari, ni in nuna abin da iskarta ke yi wa huhu.

Da Hausa na yi musu, dalla-dalla. Na ce iskar nan ba ta bambance ƙwaro da mutum, buhun da aka sa wa ƙwaya ba a kwana ɗaki ɗaya da shi. Sai wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga hannu.

"Malama, mu kullum ɗaki guda muka kwana da buhunan. Ƙannena da ciwon kai suka tashi, ƙaramin har amai shika yi."

Ashe tun da ɓarayin daji suka fara fasa rumbuna a ƙauyukansu, mutane suka kwashe amfanin gona suka shigar ɗaki, kusa da kai. Na ce ta gaya wa babanta yau ɗin nan, kada ta bari sai gobe.

Da farko uban ya ƙi. Yarinyar nan mai shiru-shiru ta kafe, ta riƙa kwashe ƙannenta tana shimfiɗa musu a tsakar gida, har uban ya gaji ya mayar da buhunan rumbu. Ciwon kai ya tafi, amai ya tsaya. Ni kuma na cika ofishin malamai da baki, har suka fara kaucewa in sun hango ni.

Bayan hutu na tarar da bencinta babu kowa. 'Yan ajin suka ce ɓarayi sun shiga ƙauyensu, sun share rumbuna. Waɗanda suka bar nasu a ɗaki, nasu ya tsira.

A kasuwar Tambuwal na gamu da uban. Manomi ne mai gonarsa, amma ga shi yana dakon buhunan wasu. Shi ya gane ni, ya sauke kaya, ya gaishe ni da ladabin da na so a ce zagi ne.

Na ce, "Malam, ina yarinyata?"

"Tana Jabo wurin gwaggonta, tana kama mata aiki. Na rarraba su ga dangi, don babu abin da za su ci. Amma kin yi gaskiya, Malama, duk suna nan da ransu."

Na tsaya da ledar cefane a hannu, raina yana tafasa, na rasa wanda zan yi fushi da shi. Darasin daidai ne, ko yau haka zan koyar da shi. Mai kayan ya ƙwala masa kira, ya sunkuya zai ɗauki buhu, sai ya sake ɗagowa. Babu gatse a fuskarsa, da gaske yake tambaya.

"Bana in Allah ya ba mu wake, ina za mu aje shi? Ke kinka yi karatu."

Ya jira ni. Can ya saɓa buhun ya tafi.