Takardar da na kai wa Mama Rifkatu ta ɗora wa hannu

Jiya bayan sujada na tare Mama Rifkatu a bakin motarta, na miƙa mata takardar aikin da aka ba mu a makaranta. A cocinmu nan garin Greensboro haka muke yi: ɗalibin da karatu ya sha wa kai yakan kawo takardarsa, dattawa su ɗora hannu su yi addu'a.

Aikin ba da shawara nake karanta. Farfesa ta ce in rubuta yadda zan taimaki wani matashi mai neman maza 'yan'uwansa, wanda iyayensa suka kora daga gida. Idan na ƙi, sai na maimaita kwas ɗin.

Na ce, "Mama, ki roƙi Allah ya sa Farfesa ta canja mini wani. Bangaskiyata ba ta yarda da wannan rayuwa ba."

Ba ta ɗora hannu ba. Tabarau ta ciro, ta karanta takardar tsaf. Nas ce, ta daɗe tana aikin asibiti.

"Salomi, a ina aka ce ki bar bangaskiyarki? Ni ban gani ba. Abin da na gani shi ne ɗan mutane ba shi da wurin kwana. Ni ban taɓa tambayar majiyyaci da wa yake zama ba kafin in ɗaura masa ruwa."

Da ta tashi addu'a, yaron cikin takardar ta yi wa, ba ni ba.

Yau na zauna na rubuta. Abin da na gaskata yana nan daram. Layina na farko kuwa: a fara sama masa ɗaki.

'Yan'uwa ɗalibai, da kuka ci karo da irin wannan, yaya kuka yi?