Ranar da na ƙi aika wa Inna

Shekarun baya, cikin wata damina mai yawan ruwa, a shekarar da kamfanoni ke ta sallamar ma'aikata kowa yana ɗar-ɗar, maigidana ya kwanta ciwon ƙirji. A kamfanin jima yake aiki a Challawa, ƙarƙashin wani Bature ɗan Sifen mai kula da injuna.

Shekara shida suna tare, har ya tsinci yarensa. Abin da ke ba shi dariya, mutumin ba ya cewa abu zai yiwu kawai, sai ya auna shi. In ya tabbata, ya ce "seguro". In ana kokwanto, "kisas", yana juya tafin hannu. In da ƙyar ne, "difisil". Maigida ya kwaso mana su gida. In na ce, "Malam, yau za a yi ruwa?" sai ya leƙa sama ya ce, "Kisas." Ni kuwa in ce, "Ku ce in Allah Ya yarda, ku huta." Amma a ajin yaƙi da jahilci sai da na rubuta su a bayan littafina, wai ni ma na iya yaren Turawa.

Sati uku muna asibiti. Duk wanda ya zo dubiya ya ce, "Ya jiki?" mu ce, "Da sauƙi." Haka muka taso, ba a faɗa wa mara lafiya komai sai sauƙi.

Ranar Talata Baturen ya zo da lemo. Ya daɗe da likita, sannan ya zauna a bakin gado. Maigida ya tambaye shi wani abu da yarensu. Baturen ya sunkuyar da kai, ya ce, "Difisil."

Da ya fita, maigida ya ce, "Kin ji. Aika a ɗauko min Inna." Mahaifiyarsa ke nan, tana ƙauye can wajen Gumel.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Shi ne Allah? Wane irin mutum ne zai zo dubiya da wannan baki?"

Ya ce, "Ba Allah ba ne. Amma bai taɓa ce min inji zai tashi, ya ƙi tashi ba."

Na ce to, ban aika ba. A ganina, a taso tsohuwa cikin ruwan nan kamar na sallama shi ne. Laraba ya tambaya, na ce an tafi. Sai ranar Alhamis da yamma, da numfashi ya tsananta, na tura ƙanensa. Ranar Juma'a da hantsi Allah Ya karɓi abinSa.

Har yau na san kwana ne ya ƙare. Amma na daina jin haushin Baturen nan. Shi kaɗai ya ba mu kwana uku, ni na zubar da biyu. Yanzu in na je dubiya ina cewa Allah Ya ƙara sauƙi, sannan in ja mai jinya gefe in ce, "Akwai wanda yake nema? Ku aika yau."

Washegarin rasuwar da safe Inna ta iso, da ƙullin saiwoyin tari a gefen zaninta. Mata suka ce mata ai bai sha wahala ba, abin ne ya zo farat ɗaya. Na bari suka gama. Na durƙusa a gabanta na ce, "Inna, tun Talata yake kiranku. Ni ce ban aika ba."