Ranar da Na Raba Leshin Amarya Biyu

Ko na tsufa ba zan manta da abin da na yi wa leshin 'yar gwaggona ba. Ina aji ɗaya na sakandare a Haɗeja aka tura ni Auyo don in taya aikin bikinta. Da na sauka daga babur, ƙafafuna duk taɓon fadama, abin da idona ya fara faɗawa a kai shi ne wani farin leshi shimfiɗe a kan tabarma. An danne gefensa da faifai kada iska ta ɗaga shi, almakashi na ajiye a kansa.

Yayata da ke jami'a a Kano ce ta aiko da shi, yadi biyar. Ita kuwa tun da ta shiga jami'a ba ta magana kamar mutane. Saƙon da ta turo a waya cewa ya yi a yanki 0.2 na leshin a yi ɗankwali, sauran a kai wa tela. Aka kira ta, wayarta a kashe.

"Alhamdulillahi, ga 'yar boko ta iso," in ji Gwaggo, ta miƙo mini wayar. "Wannan ɗigon da biyu, nawa ke nan?"

Mata sun fi goma a tsakar gidan, masu tsince shinkafa da masu gyaran kifi, duk suka ɗago kai. Ni ce ko a aji ba na ɗaga hannu. Na ga biyu, zuciyata ta ce ɗaya bisa biyu.

"Rabi ne," na ce, ina kallon ƙasa.

"Rabi? Ɗankwali za a yi ko bargo?"

Wata ƙawar amarya ta ce, "Gwaggo, ai yanzu haka ake yayi a Kano, ɗauri kamar rumbu." Aka yi dariya, Gwaggo ta ninka leshin biyu ta yi bismilla.

Almakashin na shiga, kaina ya buɗe. Lambar farko bayan ɗigo ai gurbin ɗaya bisa goma ne. Biyu bisa goma, wato ɗaya bisa biyar, kashi ashirin cikin ɗari. Yadi ɗaya tak! Rabi kuwa 0.5 ne, kashi hamsin. Lokacin bai fi taƙi ɗaya aka yanka ba. Da na ce a tsaya, da shi ke nan. Amma na tsaya ina lura da yadda zaren leshin ke zubowa kan tabarma, da wani ƙuda da ya sauka a hannun Gwaggo, bakina kamar an ɗinke. Sai da almakashi ya fita ta ɗaya gefen na ce, "Gwaggo, ashe yadi ɗaya ne."

Amarya ta leƙo daga ɗaki, lalle a hannu, ta ga leshinta gida biyu, ta fashe da kuka.

"Kin sani kika yi shiru?" in ji Gwaggo. "Kunya ce za ta rufa mata jiki ranar kai ta?"

Tela ya yi ta tsaki, amma ya haɗa guntayen, ya ɓoye ɗinkin a inda zane ke naɗewa. Ranar biki babu wanda ya gani sai ni, don idona bai bar wurin ba. Har yau in na je Auyo, "Malama Rabi" suke kirana.

Na koyi cewa kuskuren lissafi taƙi ɗaya ya ci, sauran ɓarnar shiruna ne ya yi ta. Tun daga nan in na gane na yi kuskure, a take nake faɗa, ko murya na rawa.

Da zan koma gida, na raɓa kusa da Gwaggo na ce, "Don Allah in Yaya ta kira, ki ce mata nan gaba ta riƙa cewa yadi ɗaya kawai."