Kunnuwan Kwikwiyon Kawu

Ni mutum ne mai saurin damuwa, kuma tun ina yaro haka nake. Idan hadari ya haɗo, kafin a fara yayyafi na gama hango kunyoyin da ruwa zai cinye. Sai kuma Allah ya haɗa ni da kiwon karnuka, aikin da ba ya barin hankalin mutum ya zauna wuri ɗaya.

Gonar rake gare ni a bayan Makarfi, da ɗan ɗakin da nake ajiye injin ban ruwa da taki. Da ɓarayi suka ishe ni, sai na nemo karya irin ta Jamus, manyan nan masu baƙin baya da tsayayyun kunnuwa da ake gani a hannun 'yan sanda. A gona take zaune, ba ta taɓa taka gidanmu ba. Wanda na samo ta a wurinsa wani dattijo ne a Kudan, wanda ya ƙare shekarun ƙarfinsa yana kula da karnukan gadi a Kaduna, ya dawo gida bai rabu da su ba. Baba nake ce masa.

Baba ba ya sallamar mutum da kare ya ce sai wata rana. Sai da na yi ta zarya Kudan kamar mai neman aure. Shi ya hana ni kai ta barbara a zafinta na farko, ya ce yarinya ce tukuna. Da lokaci ya yi, ya sa na zagaya da ita a gabansa yana kallon yadda take ɗaga ƙafafun baya, don ya ce ciwon ƙugu yana bin jininsu, kuma wanda ya gan shi ya bari aka haifa ya ɗauki alhaki. Akwai wani ƙaton namiji a gidansa da na ƙyalla ido a kai, ya ce in cire rai, ubansu ɗaya. Sai da muka je har Zariya neman wanda ba su haɗa jini ba.

A hanyar dawowa ne ya kafa mini sharaɗi. Ya ce, "Duk kwikwiyon da ya fita daga hannunka, yana nan a wuyanka. In ka ji za a cuce shi, ka je ka ɗauko abinka, ko a gidan wa yake."

Na ce, "To, Baba." Irin to ɗin nan da ake ce wa babba ba tare da an auna nauyinta ba.

Karyar ta haihu lafiya a ƙarshen damina. Labari ya isa Kurmin Kogi, wurin Kawu, yayan mahaifiyata. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, a gidansa na yi wayo, shi ya tsaya mini har na yi aure. Ya aiko cewa ana sace masa awaki, in ajiye masa namiji guda. Wallahi murna na yi, don ban taɓa samun abin da Kawu ya nema a hannuna ba sai ranar. Na zaɓar masa wanda ya fi kowanne ƙashi. Da aka yaye su, likitan dabbobi ya yi musu allura, na saka shi a kwali na ɗaure a bayan babur na kai masa da kaina.

Kawu tsohon mafarauci ne, ya san kare tun ban san hannun damana ba. Ya ɗaga kwikwiyon ta wuya, ya buɗe bakinsa, ya duba tafin ƙafarsa, ya gyaɗa kai. Sannan ya kama kunne ɗaya ya ɗaga, ya saki, kunnen ya faɗo yaraf.

Ya ce, "Uwarsa ba tsaye nata suke ba?"

Na ce, "Tsaye suke, Kawu. Shi ma za su tashi in ya ƙara girma."

Ya ajiye kwikwiyon a ƙasa. A kan babur ina komawa sai na tuna karnukan farautarsa da na taso na gani. Babu ɗaya mai cikakken kunne. Tun suna ƙanana ake kiran wanzami ya rage su da aska, a shafa toka. Mafarauta sun ce haka ne ke sa kare ya ji motsi daga nesa, ƙaya ba ta yage shi a daji, kuma zafin askar yana sa masa zuciya.

Na yi ta kai masa ziyara fiye da yadda na saba, har matar Kawu ta fara tsokanata wai ko kwikwiyon ne ya koya mini zumunci. Gaskiya ta faɗa. Ina gama gaisuwa idona na kan kunnuwan nan. Kwikwiyo kuwa yana samun kulawa, ban ga abin kushewa ba. Kawu ya yi masa rumfa kusa da garken awaki, yana jiƙa masa tuwo da romo, yana cire masa kaska da hannunsa. Duk inda Kawu ya sa ƙafa yana biye da shi. Wani zuwa da na yi na tarar kunnen dama ya miƙe, na dawo gida ina ta fara'a. Zuwa na gaba na tarar ya sake kwantawa, dukansu biyu sun zube kamar na tunkiya.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne majalisar ƙofar gidan Kawu. Tsofaffin abokan farautarsa suka sa shi a gaba, wai ɗan ƙanwarsa ya kawo masa jabu, karen Bature da kunnen balami. Kawu mutum ne da zai jure yunwa amma ba zai jure dariya ba. Ranar kasuwar Makarfi ya same ni a rumfar masu mazarƙwaila, bayan mun gaisa ya ce, "Na yi wa wanzami magana. In ya zo yi mini aski ranar Juma'a zai gyara wa karen nan kunne."

Na ce, "Kawu, da an ƙara masa ɗan lokaci."

Ya ce, "Kai ɗan nan, kare nawa ka taɓa riƙewa?"

Daga kasuwar ban koma gida ba, Kudan na nufa. Na sami Baba yana taje wa wata karya gashi a gindin mangwaro. Na zayyana masa komai, har da abin da ban faɗa wa kowa ba, cewa ni kaina na fara shakka. In kunnuwan ba su tashi ba fa?

Ya tambaye ni ko kwikwiyon ya fara famfara. Na ce na ga giɓi a bakinsa. Ya ce to shi ne, lokacin da suke sake haƙori kunnen kan faɗi ko da ya riga ya tashi, in haƙoran suka gama fitowa sai ya koma. Ya ce guringuntsi ne ke ƙarfafa a hankali, kuma abin da aska ta cire ba ya tsirowa, ga ƙuda da zai bi ciwon, ga kare da zai tashi yana tsoron hannun mutum a kansa.

Na ce, "Baba, tabbas za su tashi?"

Ya ce, "Tabbas na Allah ne. Akwai wanda nasa ba sa tashi har ya tsufa, kuma gadinsa yake yi. Ni ban ce ka hana don za su tashi ba. Na ce ka hana don cuta ce."

Na so ya ce zai bi ni Kurmin Kogi, tsoho ya yi wa tsoho magana. Na ma fito fili na roƙe shi. Ya ce a'a, ba daga hannunsa kwikwiyon ya fita ba. Ya ci gaba da tazarsa, na tashi na kama hanyar gida.

Kwanakin da suka rage kafin Juma'a ban ji daɗin abinci ba. Ina cikin rake ina yanka, ina shirya maganar da zan faɗa wa Kawu, in shirya in rushe. A wurinmu yaro ba ya ba babba abu ya dawo ya ce a ba shi kayansa, balle wanda ya ci tuwon gidan ya girma. Na yi tunanin in yi shiru, kunne ne kawai, Baba ba zai taɓa zuwa Kurmin Kogi ya gani ba. Amma da na je zuba wa uwar kwikwiyon abinci ta ɗago kai tana kallona, sai in ji ba zan iya ba. Na ji haushin Baba, na ji haushin Kawu, na fi jin haushin bakina da ya ce to.

Ranar Juma'a da hantsi na isa. Wanzami ya riga ni, yana zaure yana yi wa Kawu aski, zabirarsa a buɗe a kan tabarma. An ɗaure kwikwiyon da igiya a jikin turken zauren, ga ɗan kasko da toka a gefe. Yana ganina ya hau kaɗa wutsiya. Abokan Kawu biyu na zaune. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na ja gaisuwar har ta wuce ƙa'ida, na tambayi gida, na tambayi awaki, na tambayi gero, don dai kada in iso inda zan iso. Wanzami ya gama, ya goge askarsa a tafin hannu, ya juya wajen turke.

Na yi maza na ce, "Kawu, ka yi mini aikin gafara. Na zo in tafi da shi ne."

Kawu ya shafa kansa da aka aske, ya dube ni. Ya ce, "Ka zo ka tafi da shi."

"Wanda ya koya mini kiwon ya ɗora mini amana, Kawu. Ba a yanka musu. In sun tashi zan dawo da shi da ƙafata."

Ɗaya daga cikin abokan ya yi gyaran murya zai sa baki, Kawu ya ɗaga masa hannu. Ya miƙe, ya je turken da kansa, ya kwance igiyar daga wuyan kwikwiyon. Ya naɗe ta a hannu ya sa a aljihu. Ya ce, "Igiyar tawa ce. Ɗauki karenka."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na ɗauki kwikwiyon, wanda yanzu ya fi ƙarfin kwali, na rungume shi a gaban babur yana ta waiwayen zauren yana kuka. Tunda nake zuwa gidan nan Kawu bai taɓa barina na tafi ba tare da ya tako ya raka ni bakin hanya ba. Ranar ko ƙofa bai leƙo ba.

Kafin in isa Makarfi labari ya riga ni ta waya. Inna ta ce na kunyata yayanta a gaban mutane saboda kare. Na kira Kawu, ya amsa sallama, ya ce lafiya lau, ya kashe. Kwikwiyon ma ya ƙi cin abinci da farko, ya kwanta a bakin shinge yana kallon hanya. Kowace safiya kafin in duba rake sai na duba kansa, kunnuwa na nan a kwance. Na fara tunanin na ɓata da mutumin da ya raine ni a kan abin da ba zai taɓa faruwa ba, kuma wannan tunanin ya fi komai cina.

Kunnen hagu ne ya fara tashi, ya karkace ya jingina da ɗan'uwansa kamar hular da aka sa a gicciye. Ban yarda na yi murna ba, an taɓa yi mini haka. Sai da rake ya kusa ƙarewa a gona sannan na wayi gari na ga duka biyun tsaye cak, suna juyawa duk inda motsi yake. Na aika wa Kawu cewa sun tashi, ina neman izinin kawo shi. Amsar da ta dawo ita ce ba ya bukata. Na je da kaina ba tare da karen ba, ya karɓe ni a tsaye, ya ce yana da wurin zuwa.

Na riga na fid da rai, har Baba ya fara yi mini maganar wani mai gonar tumatir a Ikara da yake neman namiji. Na ce a dakata tukuna, ban san me nake jira ba.

Wata ranar kasuwa da la'asar ina wanke injin ban ruwa, sai na ji uwar ta yi haushi. Na ɗago na ga Kawu tsaye a bayan shinge, da buhun gishirin awaki a kafaɗa. Ya ce hanya ce ta biyo da shi, alhali gonata ba ta kan hanyar ko'ina. Na rasa abin yi, na durƙusa a cikin taɓo ina gaishe shi. Bai dube ni ba, idonsa na kan karen, wanda ya miƙe tsaye a tsakiyar fili, ƙirji a buɗe, kunnuwa sama, yana kallon baƙo.

Kawu ya yi masa ɗan fiton da yake kiransa da shi a Kurmin Kogi. Karen ya yi tsam, sannan ya kwasa da gudu. Yana isa shingen ya kwantar da kunnuwan nan biyu baya, suka manne da kansa kamar babu su, yana ta murɗa jiki yana kuka. Haka irinsu ke yi wa wanda suka ɗauka nasu ne. Ni da nake ba shi abinci kullum bai taɓa kwantar mini da su haka ba.

Kawu ya sauke buhun, ya zura hannu ta shinge ya kama kunne ɗaya, ya murza shi a hankali tsakanin yatsunsa har zuwa tsininsa. Ya daɗe yana haka. Sannan ya ce, "Ka gani ko? Duk tashin hankalin da ka yi a kansu, da ya gan ni ya kwantar da abinsa."

Na ce, "Haka ne, Kawu."

Ya sa hannu a aljihu ya zaro igiyar nan, a naɗe yadda ya naɗe ta a zaure. Ya ce, "Buɗe mini ƙofar, yamma tana yi."