Yatsan Ma'aikaciya

A kantin magani, wata mai shagon ɗinki ce a gabana, tef a wuya, jan zare maƙale a mayafinta. Tana riƙe da hannun ma'aikaciyarta sama, kamar kayan da ta kawo gyara. Allurar keke ce ta huda yatsa.

"Anti, a albashina za ki cire?" in ji ma'aikaciyar.

"In cire me? A kekena kika ji ciwo ko a na babanki?"

Da alama tausayinta ba ya fitowa sai da faɗa. Ta biya kuɗin ɗauri, ta sa a ƙara allura.

"Ba don ke na yi ba, ɗinkin mutane ke jira," take cewa, tana hura mata yatsan a hankali.