Albarushin Baba Arzika

Baba Arzika ya rasu.

Da safen nan ina tsaye gaban allo, alli a hannuna, wayata ta yi ƙara. Ɗansa Nomau ne daga Andarai. Bai gama sallama ba muryarsa ta karye. Ya ce bayan sallar asuba tsoho ya kishingiɗa a zaure, aka kawo masa kunu, aka tarar rai ya yi halinsa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban ƙarasa darasin ba. Na bar wa abokin aikina ajin, na hau mashin, Allah Ya sa na samu jana'iza. Yanzu na dawo Jega, an ajiye mini abinci na kasa ci, shi ya sa nake wannan rubutu.

Yawancinku ba ku san shi ba. Ba ya soshiyal midiya, ko waya sai ta ɗansa. Ina jin hotonsa ɗaya ne a duniya, na jikin katin zaɓe. Manomi ne kuma maharbi, kuma shi ne mutumin da ya fara riƙe ni lokacin da aka tura ni koyarwa wata firamare a yankin Andarai, sama da shekara ashirin ke nan.

Ni ɗan Jiga Birni ne. Lokacin ban san komai ba sai albasa da littafi. Na isa garin da sabon aure da katifa ɗaya a kan mota, ba wurin sauka. Baba Arzika ya sa aka kwashe buhunan da ke wani ɗaki a gidansa, ya ce ni da matata Hadiza mu shiga. Shekara shida muka yi a ɗakin nan.

Yana da bindigar toka, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Wani maƙeri a Maiyama ya ƙera wa mahaifinsa ita. Ƙotar ta yi baƙi wuluk saboda zufar hannu, an ɗaure inda ta tsage da fata. In zai ɗura ta, sai ya zauna. Ya tsiyayo albarushi daga wani ƙahon bijimi, ya auna a tafin hannu, ya cusa tsumma, ya danna da sandar ƙarfe, ya zuba dalma, ya sake tsumma. Kafin ya gama, mutum ya yi alwala ya dawo.

Ni kuwa ƙuruciya na ɗibana. Kullum sai na roƙe shi ya bar ni in harba sau ɗaya. Ran nan na dame shi, ya dube ni ya ce:

"Malam, ka san mi kaka roƙo? Harbi guda, tuwon gidanga ne na yini guda."

Na ɗauka wasa yake. Sai da na zauna da su na gane. Albarushi sai ranar kasuwar Jega, kuma sai an ɗebi gero daga rumbu an sayar. Ga dalma, ga mota zuwa da dawowa, ga maƙeri in kunamar bindigar ta saki. In damina ta yi, sanyi ya kama albarushin, shi ke nan an yi asara. Ban da kunnensa na dama da ya daina ji tun yana saurayi, wanda yakan ce shi ma bindigar ce ta karɓa.

Shi ya sa ba ya harbi sai ya tabbata. Zai bi sawun gadu daga hantsi har la'asar, ya gan shi, ya auna, in bai gamsu ba ya sauke bindiga ya dawo gida. Matarsa Inna Hajo takan tsokane shi, wai duk ƙasar nan shi kaɗai ne maharbin da ke kai bindiga shan iska. Shi dai sai ya yi murmushi ya nemi ruwan wanke ƙafa.

Sai da na shekara a gidan ya bar ni na harba. Ranar ƙaramar Sallah ce, bayan an sauko daga idi, kuma bai sa dalma ba. Bindigar ta hankaɗa ni na zauna daɓas cikin sabuwar shaddata, hayaƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika mini hanci. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Kafaɗata kwana huɗu tana ciwo.

Amma ba wannan ne ya hana ni cin abinci yau ba.

Damina ta biyu da zuwanmu, Hadiza na da cikin wata bakwai. Na kai ta awo Maiyama. Da muka dawo, mota ta sauke mu a bakin hanya saboda taɓo, ta juya. Hanyar tudu tana da nisa, na ga Hadiza ta gaji, sai na ce mu yanke ta fadama. Baba ya sha gaya mini kada in shiga fadamar nan in ruwa ya sauka. Na ga ai na bi ta sau biyu da rani, na san ta.

Wajen azahar ne. Ba mu yi rabi ba hadari ya rufe, ruwa ya tsinke kamar da bakin ƙwarya. Ciyawa ta fi tsayinmu. Hanyar da muke bi ta ɓace ƙarƙashin ruwa. Daga idon sawu ya kai gwiwa, daga gwiwa ya doshi cinya. Na ja hannunta muka yi ta tafiya, sai ga mu mun dawo gindin wani suri da muka wuce ɗazu.

Hadiza ta hau surin ta zauna, ta ce ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Ba ta yi kuka ba, sai salati take tana dafe da ciki. Lokacin ba waya a hannun kowa. Na yi ta kira har muryata ta dushe, ruwa na haɗiye kiran. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar nan ba, kuma na san ni na jawo.

Can muka ji wata ƙara. Na ce tsawa ce. Hadiza ta ɗaga kai ta ce:

"Ba tsawa ba ce. Bindigar Baba ce."

Daga bayanmu ƙarar ta fito. Ashe inda na nufa da mu, gulbi ne.

Muka juya. Muka ɗan taɓa tafiya muka tsaya, don ba mu san ko daidai muke ba. Jim kaɗan aka sake harbawa. Haka muka yi ta yi. Mu yi tafiya, mu tsaya, mu jira ya gama ɗuri, mu ji ƙara, mu gyara hanya. Wani wurin na goya ta, wani wurin ta dafa ni. Ita ta riƙa ƙirgawa. Sau tara.

Da muka fito kan tudu, sai ga shi tsugune gindin tsamiya, Inna Hajo tsaye a kansa ta buɗe tabarma tana kare masa ruwa kada albarushi ya jiƙe. Ita kanta ta jiƙe sharkaf. Ashe wata mai tallar nono ce ta hango mu muna shiga fadama, ta biya gidan ta faɗa.

Na zaci zai yi mini faɗa. Inna Hajo ta yafa wa Hadiza zanenta ta wuce da ita. Shi kuma ya miƙe, ya saɓa bindiga, ya ce:

"Malam, kai da ka iya karatu, ashe ba ka iya hanya ba."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa a kan maganar ke nan har ya bar duniya.

Bayan kwanaki Inna Hajo take gaya wa Hadiza cewa harbi na tara shi ne na ƙarshe, ƙahon ya ƙare tas. Ɗan akuyarsa ya sayar ya sayo albarushin nan, don korar tsuntsaye da gadu in shinkafa ta nuna. Shekarar nan da majajjawa da gwangwanaye ya yi gadin gonarsa, shi da ƴaƴansa, kuma tsuntsaye sun ci masa gefe guda. Ni ina gidan, ina cin tuwon, bai bari na gani a fuskarsa ba.

Da aka yi albashi na tafi Jega ni kaɗai, na sayo albarushi a ƙunshi na kawo masa ina ji da kaina. Ya zuba kaɗan a tafin hannu, ya murza, ya sansana. Sai ya fashe da dariya, ya ce rabinsa garin gawayi ne, mai sayarwar ya gane malamin makaranta ne ya zo. Duk da haka ya karɓa da hannu biyu, ya sa mini albarka kamar na kawo masa bijimin sa. Kasuwa ta gaba ya ja ni muka tafi tare, ya nuna mini tsohon da yake saya a wurinsa, wai kada a sake cutar ɗansa.

Ranar ya fara kirana ɗansa a gaban mutane.

Hadiza ta sauka lafiya. Yarinyar da ke cikin nan yanzu tana ajin ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya.

Bayan an mayar da ni Jega ma bai yar da mu ba. Duk ranar kasuwar da ya shigo sai ya biyo gidanmu. Wani lokaci ƙwan zabi a cikin hula, wani lokaci busasshen nama a ganye. In ba shi da komai, ya zo da labari.

Daga baya zamani ya canza, kun san halin da ƙauyukanmu suka shiga. Da, shi ake kira ya harba in an yi suna ko alhaji ya dawo. Wata rana aka yi sunan jikansa, ya harba sau ɗaya da hantsi. Matan wani ƙauye da ke kusa suka ɗauka hari ne, suka kwashi yara suka yi daji, wata tsohuwa ta faɗi ta gurɗe ƙafa. Da ƙafarsa ya taka ya je ya ba ta haƙuri. Ya dawo ya shafe bindigar da mai, ya naɗe ta da tsumma, ya rataye. Da na tambaye shi, ya ce:

"Da, in munka harba, mutane fitowa suke. Yanzu gudu suke. To mi ya rage?"

Bai sake harba ta ba.

Mako uku da suka wuce na gan shi a kasuwar Jega, wajen ƴan hatsi. Ya rame, yana dogara sanda, ya zo neman maganin ido. Ya ce mini ya biya ta inda ake sayar da albarushi ya tambayi farashi, ba don zai saya ba, sabo ne kawai. Da aka faɗa masa, wai sai da ya sa aka maimaita a kunnensa mai ji. Ya ce ko an samu zaman lafiya, harbi ya fi ƙarfin talaka. Muka yi dariya.

Ya riƙe hannuna ya ce mu zauna a dama mana fura. Ni kuwa ina sauri, muna da mitin a makaranta, ina ta duba agogo. Ya lura. Ya sake ni ya ce:

"Tahi, Malam, yara na jiranka. Amma ka zo kahin a yanke shinkafa, ina da magana."

Na ce in sha Allahu Asabar mai zuwa. Asabar uku suka wuce.

Yau bayan an dawo daga maƙabarta na tambayi Nomau ko ya san maganar. Bai sani ba. Na shiga cikin gida na durƙusa gaban Inna Hajo na tambaye ta. Tana jan carbi ta ce ita ma bai gaya mata ba, sai dai tun shekaranjiya ya sa ta ware mini ƙwaryar sabon gero, ya ce Malam na nan tafe. Ta sa aka ɗauko, ta tura mini gabana.

Ga ta nan a ɗakina, ban iya buɗe ta ba.

Ya Allah, ga bawanka Arzika ya zo gare Ka. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba Inna Hajo da ƴaƴansa haƙurin rashinsa. Ni kuma Ka yafe mini jinkirina.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ka wuce haka. Ka tsaya ka karanta masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ka ambaci sunansa. Baba Arzika na Andarai.